Hausa ko Turanci a aji? Fashin baƙi kan manufar harshen da aka soke kafin a gwada ta

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu, in ji shi, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin ƙananan yara har jami'a. Manufar da ya soke ɗin ba ta ma cika shekara uku ba. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce ta amince da ita a ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, inda ta ce yaro zai yi shekarunsa shida na firamare da harshen da ake yi a yankinsa, sannan a haɗa masa da Turanci idan ya shiga ƙaramar sakandare. Tun ranar da aka sanar da ita Malam Adamu ya amsa da bakinsa cewa aiwatarwa sai an ɗauki lokaci, domin babu littattafai kuma babu isassun malamai.

Hujjar da Dakta Alausa ya kawo ita ce sakamakon jarrabawa. Ya ce shiyyoyin da suka fi rungumar koyarwa da harshen gida su ne ɗalibansu suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Da yawa a Arewa sun ɗauka da su ake. Nan take mutane suka rabu biyu: masu cewa dama Turanci ne ke kai yaro ga aiki, a daina ɓata masa lokaci, da masu cewa an sake sayar da mu ga Bature. Ina ganin duk ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar da ya kamata a fara yi, wato shin an taɓa koyar da yaranmu da harshensu yadda manufar ta tanada, balle a ce an gwada an ga bai yi ba?

A fara da lissafi mai sauƙi. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan amincewa da manufar 2022 bai wuce aji uku ba a lokacin da aka soke ta. Wanda ya rubuta WAEC a 2025 kuwa ya bar firamare tun wajen 2019. Saboda haka sakamakon WAEC ba shi da abin da zai faɗa a kan wannan manufa. Idan kuma tsohon tsarin da ake bi shekara da shekaru ministan yake nufi, to sai mu duba tsarin, a takarda da kuma a cikin aji.

A takarda, Najeriya ta daɗe da amincewa cewa harsunanta su tafi tare da Turanci. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, wadda aka yi wa gyara sau da dama tun daga 1981, ta ce shekaru uku na farkon firamare a koyar da harshen yankin da yaro yake, Turanci ya zama darasi ɗaya cikin darussa, daga aji huɗu kuma a juya sannu a hankali zuwa Turanci. Ta kuma so kowane ɗalibi ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Tsarin mulkin 1979 ya zo da wata magana da na 1999 ya maimaita a sashe na 55: za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Shekara sama da arba'in ke nan ba a yi tanadin ba. Babu ɗakin tafinta a zauren, babu masu rubuta muhawara da waɗannan harsuna. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi dama su ƙara harshen jiharsu, kuma Majalisar Legas ta yi amfani da damar, tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci. Abin da zai ba mutum takaici shi ne a zamanin Jihar Arewa, tun kafin samun mulkin kai, majalisar Kaduna da Hausa da Turanci take aiki.

A cikin aji kuwa labarin daban ne. Shiga aji huɗu na wata makarantar gwamnati a ƙauye ka zauna daga baya. Yara sun cika ɗaki, wasu a benci wasu a ƙasa. Littafin darasin guda ɗaya ne, yana hannun malam, kuma da Turanci aka rubuta shi. Malam zai kwafe sakin layi a allo, ya karanta jimla ɗaya, yara su amsa da ƙarfi, ya sake, su sake. Sai ya juyo ya ce, "To, abin da ake nufi a nan shi ne," ya yi bayani da Hausa a gurguje, ya tambaya ko an gane, aji duka ya ce an gane. Daga nan kowa ya sunkuya yana kwafe haruffan allo ɗaya bayan ɗaya. Ka kira yaro guda ka nuna masa kalma a tsakiyar abin da ya kwafa, ba zai iya karanta ta ba. Ka rubuta masa gajeriyar jimla da Hausa, ita ma ba zai iya ba. Ranar jarrabawa tambaya ta zo da Turanci.

Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce, ba kuma koyarwa da Turanci ba ce. Malam yana faɗawa Hausa ne don ya ga yara ba sa fahimta, sau da yawa kuma shi kansa Turancin nasa bai zauna ba. Ba a horar da shi koyar da karatu da Hausa ba, ba a ba shi littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato, kafin a kawo shirin Mu Karanta da tallafin Amurka, sun nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya da Hausar da suke yi a gida. Yaron da bai iya karatu da kowane harshe ba, idan ya faɗi WAEC bayan shekaru, rashin adalci ne a ɗora wa Hausa laifin.

Me ya sa masana ilimi suka nace a kan harshen gida? Ba don son al'ada kaɗai ba ne, dalilin yana cikin yadda karatu ke shiga kan yaro. Karatu aiki biyu ne: haɗa harafi da sauti, da kuma gane abin da sautin ke nufi. Yaro Bahaushe ɗan shekara shida ya zo makaranta da dubban kalmomi a kansa. Rubutun boko na Hausa kuma kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Idan ya haɗa gaɓa biyu ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa, nan take ya gane abin da karatu yake, idan ya yi kuskure ma kunnensa zai gaya masa. Da Turanci kuwa nauyi biyu aka aza masa lokaci guda: haruffan ba sa bin ƙa'ida ɗaya wajen furuci, kalmar kuma bai taɓa jin ta ba, don haka ko ya furta daidai bai san ya yi daidai ba. Sai ya koma hadda. Amma wanda ya iya karatu da harshensa ba sai ya sake koyon karatu daga farko ba idan ya zo kan Turanci, tunda haruffan iri ɗaya ne. Harshen kawai zai koya.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A makarantar zaure malam yana karanta nassin Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, almajiri na bi, har ya kai matsayin da zai rubuta littafi da Larabci. Babu malamin da ya taɓa cewa a hana almajiri harshensa don Larabcinsa ya yi ƙarfi. Da harshen gida aka riƙa hawa zuwa na ilimi, ɗaruruwan shekaru.

A ɓangaren boko ma an yi gwajin a nan ƙasar. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara shirin firamare na shekara shida da Yarbanci. An koyar da lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarbanci tun daga aji ɗaya har shida, Turanci kuma aka bar shi darasi, a hannun malamin da ya ƙware a kansa. Da aka gwada su da takwarorinsu da suka juya zuwa Turanci a tsakiya, yaran Yarbancin ba su gaza a Turanci ba, kuma sun yi zarra a wasu darussan. Masu suka sun ce ai yaran sun samu gata ne: littattafai sababbi, malamai horarru, sa ido daga jami'a. Gaskiya ne, kuma nan ne darasin yake. An zauna an ƙirƙiro kalmomin kimiyya da Yarbanci, an rubuta littattafai, an horar da mutane, an kashe kuɗi. Fafunwa ya zama Ministan Ilimi a 1990, amma shirin bai taɓa zama tsarin ƙasa ba. Habasha ta ɗauki irin wannan hanya a 1994, inda wasu yankunanta ke koyarwa da harshensu har aji takwas, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna ɗaliban waɗannan yankuna sun fi na yankunan da ke juyawa Turanci da wuri. Shi ya sa masu bincike a Afirka suka daɗe suna cewa shekara uku ta yi kaɗan, yaro na bukatar shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe kafin ya iya ɗaukar ilimi da shi.

Duk da haka, iyayen da ke son Turanci ba wawaye ba ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu masu kishin harshe ke musu kallon waɗanda suka raina kansu. Uba ya san da Turanci ake JAMB, da shi ake cike takardar neman aiki, da shi ake shari'a a babbar kotu. Ya kuma lura cewa manyan da ke yabon harshen uwa a wajen taro, 'ya'yansu suna makarantun kuɗi inda ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa. Idan aka ce masa ɗan talaka ya yi karatu da Hausa, abin da yake ji shi ne an ware masa ilimi mai araha. Duk manufar da ba ta yi wa wannan uba alkawarin Turanci mai kyau ba, kuma ta cika, ba za ta samu goyon bayansa ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne hanyar Turanci mai kyau ta cikin Hausa ta bi, sannan ya gani a bakin ɗansa.

Sai matsalar yawa. Najeriya na da harsuna sama da 500. Mafi yawansu ba su da littafin aji ɗaya, wasu ko daidaitacciyar hanyar rubutu ba su da ita. Akwai kuma azuzuwan birni, a Sabon Garin Kano ko Kaduna ko Jos ko unguwannin gefen Abuja, inda za ka tarar da yara masu harsuna goma a ɗaki ɗaya. A irin wannan aji Turanci, ko Hausa, ko Turancin buroka a Kudu, na iya zama mafita mafi kusa. Kuskuren manufar 2022 shi ne ta yi wa ƙasa duka alkawari ɗaya ba tare da ta ce da wane harshe za a fara, a wace jiha, da kuɗin wa ba. Kuskuren sokewar 2025 shi ne ita ma ta yanke wa ƙasa duka hukunci ɗaya, ta haɗa ajin Maitama da ajin ƙauyen Gumel a ma'auni guda.

Akwai wani ɓangare da mu masu magana da Hausa ba mu cika son tattaunawa ba, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Idan muka ce harshen uwa, Hausa muke nufi. Amma a wurare da yawa na Arewa, Hausa ce ke yi wa ƙananan harsuna abin da muke kukan Turanci na yi mana. Auyakanci da Shiranci da Teshenanci, da ake yi a ƙasar Auyo da Shira da kewaye, sun ɓace, jikokin masu su Hausa suke yi. Harshen Ajawa a Bauchi haka ya tafi. A yau akwai garuruwa a kudancin Bauchi da Filato da Gombe da Adamawa da kudancin Kaduna inda kaka ke magana da harshenta, jika na amsa mata da Hausa. Manufar 1977 ta ce harshen yankin da yaro yake, a aikace kuma wannan ya zama Hausa ko ga yaron da ba ta ne ake yi a gidansu ba. Don haka idan Basayi ko Bakataf ko Batangale ya ce gara Turanci, ba lallai ƙin Hausawa ne ba. Turanci bai shiga ɗakin girkinsa ba, Hausa kuwa ta shiga. Bafulatanin ruga da ɗansa ya shiga aji ba ya jin Hausa sosai, shi ma abin da ke samun ɗan Bahaushe a ajin Turanci shi ke samun nasa a ajin Hausa.

Singafo ta nuna inda irin wannan hanya ke kaiwa. Ƙasar na da harsunan hukuma huɗu: Turanci, Malay, Sinancin Mandarin da Tamil. Tun shekarun 1960 ta wajabta wa kowane ɗalibi Turanci da kuma harshen da aka ware wa ƙabilarsa, kuma ta zuba kuɗi sosai a kan malamai. Amma a lokacin yawancin Sinawan ƙasar ba Mandarin suke yi a gida ba, Hokkien da Teochew da Kantonis suke yi. A 1979 Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin komawa Mandarin, aka janye waɗancan harsuna daga rediyo da talabijin, cikin tsara guda jikoki suka kasa hira da kakanninsu. Ƙidayar 2020 kuma ta nuna Turanci ne ya zama harshen da aka fi yi a gidajen ƙasar, kusan rabin jama'a. An zaɓi babban harshe guda don ya wakilci sauran, ƙananan suka tafi, shi ma babban yana ja da baya. Afirka ta Kudu ta bi ɗaya hanyar: tsarin mulkinta na 1996 ya amince da harsuna 11, aka ƙara harshen kurame a 2023, aka kafa hukuma ta musamman don kula da su. Duk da haka yawancin yaran baƙar fata suna juyawa Turanci ne a aji huɗu, sai a 'yan shekarun nan gwamnati ta fara ƙoƙarin tsawaita harshen gida zuwa gaba. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta shiga wannan fagen a Maris na 2025, lokacin da kundin gwamnatin Janar Tiani ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Tambayar da ke gabanta ita ce tamu: ina littafi, ina malami, kuma ina matsayin Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye?

Arewa ta taɓa yin wannan aiki da faɗi fiye da yau. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, ta buga littattafan koyon karatu da ƙananan jaridun larduna, ba da Hausa kaɗai ba, har da Barbarci da Fulatanci da Tibi da Nufanci. A Jihar Ribas, daga 1970, Farfesa Kay Williamson da abokan aikinta sun samar da littattafan farko na karatu a harsuna kusan ashirin na jihar, da ɗan kuɗi kaɗan da taimakon mutanen kowane yanki. Abin da aka iya da injin buga takarda na wancan zamani ba zai gagara yanzu ba.

Kuma zancen bai tsaya a makaranta ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Amma ba mu da tsarin horar da tafintocin kotu da tantance su yadda ya kamata. A asibiti abin ya fi tsanani. Likita ɗan bautar ƙasa ya zo daga Kudu ba ya jin Hausa, tsohuwa ta zo daga ruga Fulatanci kawai take ji, sai a kira mai shara ko wani ɗan rakiya ya tsaya a tsakani. Mace mai ciwon da take jin nauyin faɗa, ga ɗanta namiji shi ne tafinta, sai ta ce ciwon ciki ne kawai. A rubuta magani, a yi bayanin yadda za a sha, bayanin ya bi ta baki biyu kafin ya isa kunnenta. Tallafa wa harsuna a ƙasa mai jama'a iri-iri ya haɗa da albashin tafinta a wannan ɗaki.

Sanarwar Abuja ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare, makarantun firamare kuma a hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) da ƙananan hukumomi suke. Legas ta yi dokar kare Yarbanci a 2018 ba ta jira kowa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, kuma an sha kukan cewa jihohi na barin kasonsu a Abuja saboda sun ƙi kawo nasu rabin. Daga irin wannan kuɗi ake buga littafin karatu na aji ɗaya zuwa uku, a horar da malamai a kwalejojin ilimi kan koyar da karatu da harshen gida, a kuma ware malamin Turanci na gaske ga kowace makaranta, kamar yadda aka yi a Ife. Muna da sassan Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar harsunan Najeriya da ke Aba, masu iya aikin kalmomin lissafi da kimiyya idan an ba su.

Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato, inda mafi yawan azuzuwan ƙauye harshe ɗaya suke ji, su ne wurin da ya fi sauƙin farawa, muddin za a gwada karatun yara a ƙarshen aji uku da Hausa da Turanci a kuma fitar da sakamakon kowa ya gani, tare da tanadi na daban ga makarantun makiyaya. Borno da Yobe suna da Barbarci, Neja na da Nufanci da Gwaranci. A Filato da Taraba da Adamawa da kudancin Kaduna da kudancin Bauchi kuwa, aikin ba zai yiwu daga ofis ba. Sai an zauna da kowace al'umma an tambaye ta da wane harshe take so ɗanta ya fara karatu, a duba hanyoyin rubutun da kwamitocin harsuna da masu fassarar Littafi Mai Tsarki suka riga suka samar, a kai wa hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tantance, sannan a ɗauki malaman aji ɗaya daga cikin 'ya'yan garin.